Ba Zan Ba Da Sunayen Ba

Litinin, 7 ga Afrilu, ƙarfe 5 na yamma

Yau muka buɗe formasiyo, wato horon aiki. Mutum takwas direktanmu Dokta Harisu ya turo mini daga Maradi. Duk sun gama jami'a, duk sun fi ni saurin danna ordinata, wato kwamfuta, amma babu wanda ya taɓa zama gaban ɗan shekara goma sha biyar ya tambaye shi ko yana shan tramol. Mako shida gare ni in koya musu aiki da abin da muka tara cikin shekara tara: matasa ɗari shida da goma sha biyu, daga cikin garin Dakoro, da Birnin Lalle, da Bader Goula, da Tagriss. Kowace shekara mu koma wurin mutanen nan dai, mu yi musu tambayoyin nan dai.

Wata ƴar Tagriss mai suna Fadimata ta ɗaga hannu ta ce, "Madam Hafiza, to ina sunayensu?" Na ce babu suna ko ɗaya a cikin ordinata, lamba ce kawai. Sunayen suna cikin littafi guda, littafin yana cikin akwatin ƙarfe a burona, wato ofishina, mabuɗin yana hannuna. Da shi muke sanin wa za mu nema in shekara ta zagayo. Haka muka yi wa yaran alkawari gaban iyayensu tun ranar farko, cewa abin da suka faɗa zai fita, sunansu ba zai fita ba.

An ɗauke wuta sau uku. Babu wanda ya yi zancen abin da ya faru a bakin tasha makon jiya. Ni ma ban yi ba.

Talata, 8 ga Afrilu, bayan azahar

Zakiru, wanda ya fi kowa kai a cikinsu, ya zo mini da murna wai ya gano cewa a tsakaice mutane suna fara shan ƙwaya suna da shekara arba'in da ɗaya. Na ce masa babban cikin yaranmu bai kai ashirin da shida ba. Ya tsaya yana kallon allo. Ashe ya haɗa da 99, alhali 99 a wurinmu na nufin mutum ya ƙi amsawa. Aka yi ta dariya, har da shi.

Na ce musu kada su raina 99. Wanda ya ƙi amsawa shi ma ya gaya maka wani abu.

Alhamis, 10 ga Afrilu, ƙarfe 6 na yamma

Alhaji Mainassara ya zo buro da kansa. Aminin marigayi babana ne, a kan tabarmarsa na koyi gaisuwa. Cikin samari biyun da aka binne bayan abin bakin tasha, wanda ake ɗora wa ƙwaya, ɗaya jikansa ne. Na durƙusa na sake yi masa gaisuwar rashi. Ya rame.

Ya ce iyayen gari sun kafa kwamiti, shi aka ba shugabanci. Ya ce, "Ɗiyata, an ce mini duk mai shan ƙwaya a ƙasar nan yana cikin littafinki. Ba mu sunayen. Ba mu son komi sai gyara."

Na ce, "Baba Alhaji, zan kawo maka duk abin da muka sani. Shekarun da suke farawa, watan da abin ke ƙaruwa, abin da ke sa wasu su daina. Amma suna, ba nawa ba ne balle in bayar."

Ya ce, "Ni kike hanawa?"

Na ce, "Ko babana ne ya dawo duniya, abin da zan ce masa ke nan."

Bai sha ruwan da na kawo masa ba.

Jumma'a, 11 ga Afrilu, da safe

Ba zan bayar ba.

Litinin, 14 ga Afrilu, ƙarfe 4 na yamma

Darasin yau a kan waɗanda suka ɓace mana. Cikin ɗari shida da goma sha biyu, bara ɗari huɗu da tamanin muka samu. Saura sun tafi haƙar zinariya a arewa, ko ci-rani Libiya da Najeriya, wasu sun bi dabbobi sun yi nisa, goma sha ɗaya sun rasu. Na ce musu in ka ga adadin masu sha ya sauka, kafin ka yi guɗa ka duba wa ya fita daga lissafi. Wataƙila ba dainawa aka yi ba, masu shan ne suka bar gari.

Fadimata ta yi abin da ya faranta mini rai. Ba ta tsaya kan shekara ɗaya ba, ta bi mutum ɗaya ɗaya daga zagaye na uku zuwa na tara. Ta ga cewa cikin waɗanda suka taɓa cewa suna sha, fiye da rabi sun bari, kuma yawancinsu lokacin noman ƙwadago suka fara, don su iya wuni a gona. Ta ce, "Madam, ashe ba iskanci ne ya kai su ba, gajiya ce." Na ce ta rubuta abin da lambobin suka nuna, ta bar "ashe" a bakinta tukuna.

Wannan ne amfanin bin mutum shekara da shekaru. Anketa, wato binciken tambayoyi, in ta rana ɗaya ce sai ta ce maka ga ɗan ƙwaya. Tamu tana cewa ga wanda ya sha a shekara ta uku, yau yana da shago da ƴaƴa biyu. In na ba da sunansa, wa na bayar? Na da, ko na yanzu?

Laraba, 16 ga Afrilu, bayan la'asar

Na kama Zakiru yana tace bayanai: namiji, Bader Goula, shekara ashirin da uku, sana'a kabu-kabu, wato haya da babur, ya yi aure bara. Mutum ɗaya ya rage a allon. Na tsaya bayansa na ce, "Ka san shi ko?" Na tara su duka na kafa doka: duk gurbin da bai kai mutum goma ba, ba a buga shi, ba a nuna shi, ba a kwafe shi.

Zakiru bai ɓoye ra'ayinsa ba, wannan kam na yaba masa. Ya ce, "Madam, akwai tambaya ta ashirin da bakwai, wadda ke cewa ko ka taɓa sayar wa wani ko ka ba shi. Akwai waɗanda suka ce e. Mu mun sani, muna zaune muna zana tablon lissafi, ana binne mutane."

Na ce, "Don me suka ce e?"

Ya ce, "Don gaskiya ce."

Na ce, "Don sun yarda da ni ne. Ka karya wannan, baɗi duk wanda ka tambaya zai ce maka ko goro ba ya ci. Sai ka rubuta rapor mai kyau, ana ci gaba da binnewar."

Bai gamsu ba. Na gani a fuskarsa.

Asabar, 19 ga Afrilu, ƙarfe 2 na rana

Na je suna a unguwarmu. Na yi sallama, mata biyu suka matsa da tabarma. Wata ta ce da ƙarfi, ba da ni take ba wai, "Wasu dai boko ya sa sun zama uwar ƴan ƙwaya." Na sha furata, na yi wa mai jego barka, na fito ban gaggauta ba.

Maigidana ya ce a masallaci ma an yi masa shaguɓe. Ya tambaye ni sau ɗaya kawai, "Kin tabbata?" Na ce na tabbata. Ya ce to.

Zafi. Ko alamar hadari babu.

Litinin, 21 ga Afrilu, tsakar rana

Na biya ta gidan likita. Akwai wani ɗan kabu-kabu da wasu samari suka kama suka yi wa duka jiya, wai an ce yana sayarwa. Ba zan rubuta yadda na gan shi ba. Uwarsa tana zaune a ƙasa bakin ƙofa, ta riƙe takalminsa ƙafa ɗaya.

Alhaji ya ce ba shi ya aike su ba. Na yarda ba shi ya aike su ba. Wannan da jita-jita kawai aka yi masa. To ina ga an samu takarda mai suna da unguwa?

Talata, 22 ga Afrilu, ƙarfe 5 na yamma

Takarda ta zo daga kwamiti. Ba duka littafin suke so ba yanzu, sun sassauta wai. Mutum talatin da takwas kawai. Ga lambobinsu nan a jere, ɗaya bayan ɗaya, duk waɗanda suka ce e a tambaya ta ashirin da bakwai, ko da sau ɗaya ne, ko da shekara bakwai da suka wuce ne.

Na shiga aji da takardar a hannu. Ban tambayi kowa ba. Zakiru ya miƙe da kansa ya ce, "Ni ne, Madam. Lambobi ne kawai, ba sunaye ba. Wanda ya rasu abokina ne tun muna firamare."

Na ce, "Allah ya ji ƙan abokinka. Ka san cikin talatin da takwas ɗin nan akwai yarinyar da duk abin da ta yi shi ne ta miƙa wa yayanta ƙwaya biyu da ya aike ta saye, tana da shekara goma sha huɗu? Ka karanta tambayar da ke biye kuwa, ta ashirin da takwas, wadda ke cewa wa ka ba kuma yaya aka yi?"

Bai karanta ba. Na ce ya ajiye ordinatar ya fita. Na ci gaba har na gama darasin.

Laraba, 23 ga Afrilu, da safe

Bakwai suka zo. Mun yi darasi.

Alhamis, 24 ga Afrilu, bayan azahar

Dokta Harisu ya kira ni a salula. Ya daɗe yana zagaye. An kira shi daga nan, an kira shi daga can, an ce in ba mu ba da haɗin kai ba babu mai anketarmu da zai sake shiga ƙauye. Ya ce zai zo da kansa ranar Litinin, za a buɗe akwatin gaban dattawan kwamiti, su duba talatin da takwas ɗin kawai, da alkawarin nasiha za su yi musu.

Na ce, "Dokta, kai ka koya mini rubuta takardar amincewa. Kai ka sa hannu a ƙasanta."

Ya ce, "Hafiza, ina ƙoƙarin ceton aikin shekara tara ne."

Na ce, "Ni kuma mutanen da ke cikinsa."

Ya ce ba shawara yake nema ba. Na ce na ji.

Na ji ɗin. Ban ce na yarda ba.

Asabar, 26 ga Afrilu, ƙarfe 11 na safe

Ni kaɗai a buro. Na buɗe littafin na karanta shi tun daga shafin farko. Rubutun hannuna ne na shekara tara da suka wuce, da gyare-gyare a gefe: ya koma gidan kawunsa, ta yi aure a Birnin Lalle, a neme shi wajen rijiyar gabas bayan kaka, ya rasu. Na san fuskokin fiye da rabinsu.

Na yi tunanin ɓoye shi. A gidan wa? Duk gidan da na kai shi na kai musu wuta. Kuma abin da aka ɓoye ana iya matsa wa mutum har ya fiddo shi. Ban san iyakar abin da zan iya ɗauka ba, kuma ba na son in sani a kan yaran mutane.

Na san abin da ɗayar hanyar take nufi. Babu zagaye na goma. Bayanan shekara tara suna nan a ordinata, amma babu wanda zai sake sanin ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Lokacin da muka fara, ƴata Sharifa tana goye a bayana, yanzu ita ke yi mini wanke-wanke. Duk wannan tafiyar moto cikin rairayi.

Lahadi, 27 ga Afrilu, bayan la'asar

Yau ni na yi tuwo da kaina, na hana kowa zuwa murhu. Itacen kaɗan na sa. Wutar ta ci sosai.

Litinin, 28 ga Afrilu, ƙarfe 3 na yamma

Sun zo su shida, da Dokta. Na ba shi mabuɗi, ya buɗe akwatin. Babu komi sai hatimi da tsohon almakashi.

Alhaji Mainassara ya ce, "Ina littafin?"

Na ce, "Na ƙone shi jiya, Baba Alhaji. Ni kaɗai. Babu wani kwafi. Kada a nemi kowa, ni za a nema."

Wani cikinsu ya fara ɗaga murya, Alhaji ya ɗaga masa hannu. Ya dube ni ya ce, "Amma kin san wasu da ka."

Na ce, "Na sani."

Ya ce, "Kuma ba za ki faɗa ba."

Na ce, "Ba zan faɗa ba."

Ya ce, "Jikana fa, ɗiyata. Shekararsa ashirin." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na sunkuyar da kai. Ya juya ya fita.

Dokta ya zauna a kujerata ya riƙe kai. Ya ce na kashe anketar. Na ce na sani. Ya ce in ba shi mabuɗin buro, an dakatar da ni har sai an zauna a Maradi.

Talata, 29 ga Afrilu, da safe

Na tashi, na yi wanka, na saka kaya, sai na tuna babu inda za ni.

Alhamis, 1 ga Mayu, ƙarfe 5 na yamma

Fadimata ta zo gida, ba gaisuwa ta kawo ba, faɗa ta kawo. Ta ce duk aikin digirinta na mastar a kan zagaye na goma ta gina shi. Ta ce, "Kin koya mana cewa babu abin da ya kai bin mutum daraja, sai ki yanke igiyar ba ki ko tambaye mu ba." Ta yi kuka don haushi. Na ce da na tambaye ku da an nemi ku tare da ni. Ta ce wannan ba hujja ba ce. Wataƙila tana da gaskiya.

Da za ta tafi ta tsaya a zaure ta ce, "Saura mako biyu da rabi a formasiyo. Dokta bai turo kowa ba. Gobe ƙarfe nawa?"

Na ce takwas.

Jumma'a, 2 ga Mayu, bayan azahar

Su biyar suka zo, muka baje a rumfar tsakar gida, awaki suna leƙe. Mun fitar da shafi biyu da Hausa, babu gurbin da bai kai goma ba: yaushe ake farawa, a wace sana'a, me ya taimaki waɗanda suka bari. Na ba maigidana ya kai wa Alhaji. Ya ce ya karɓa, bai buɗe ba, amma bai mayar ba.

Litinin, 5 ga Mayu, da safe

Ban yi nadama ba. Na rubuta ne don in gani da idona.

Laraba, 7 ga Mayu, ƙarfe 6 na yamma

Zakiru ya aiko da saƙo a salula, layi ɗaya: ya karanta tambaya ta ashirin da takwas. Ban amsa ba tukuna. Zan amsa.

Sammacin Maradi ya zo, ranar goma sha biyar. Zan je. Abin da na faɗa a nan shi zan faɗa a can.

Asabar, 10 ga Mayu, bayan la'asar

Muna cikin darasi aka yi sallama. Wani saurayi ne, ya jingine moto a bakin ƙofa, ya cire hula. Na san shi, na san uwarsa, na san ranar da na fara zama da shi a gindin aduwa yana wasa da igiyar akuya don kunya. Ba zan rubuta sunansa a nan ba.

Ya ce, "Madam, an ce kin ƙone littafin."

Na ce, "Na ƙone."

Ya ce, "An ce kuma aiki ya mutu, tunda ba ku san wa za ku nema ba. To ni na san lambata. Shekara tara ina kallo kuna rubuta ta a saman takarda. Ɗari biyu da goma sha ɗaya." Ya ce akwai wasu uku a tasha su ma sun riƙe tasu, sun ce ya zo ya gani tukuna.

Fadimata ce ta yi maza ta ce kada ya faɗi sunansa. Ta buɗe ordinata ta nemo 211, ta juya allon yadda ba zai gani ba, ta tambaye shi shekarar haihuwa, da ajin da ya bar makaranta, da sana'arsa ta farko. Duk suka dace. Ta dube ni. Ban taɓa koya mata wannan ba.

Na ce masa gaskiya: an dakatar da ni, ban san ko Maradi za ta karɓi takardar nan ba, kuma daga ɗari shida ƙila hamsin ne za su tuna. Ya ce shi dai ya zo.

Na shiga ɗaki na ɗauko takardar tambaya cikin waɗanda suka rage mini na bara. Na miƙa wa Fadimata, na kori sauran zuwa zaure. Wannan ne karon farko da ta zauna gaban mutum ba gaban layi ba. Ta karanta masa alkawarin tun daga farko, ya ce ya amince. Na matsa gefe na ba su baya ina tsince wake, amma tsakar gidan ƙarama ce.

Da ta kai tambaya ta goma sha biyu, ko ya sha cikin wata goma sha biyun da suka wuce, ya yi shiru har na ɗauka 99 za ta rubuta. Sai ya amsa.

Na ji abin da ya ce. Ba zan rubuta ba.